Me Ya Sa Maganin Damuwata Ya Bambanta Da Na Mahaifiyata?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mai shayarwa ce, ɗana wata 3, ina zaune a Gwale. A asibiti an ce ciwon damuwa ne ke damuna, aka rubuta mini sertraline miligiram 50 kullum da safe. Yau kwana 12 ban ga canji ba sai tashin zuciya, barcin ma bai dawo ba. Mahaifiyata mai ciwon suga ce, ita amitriptyline miligiram 25 aka ba ta, kuma takardar cikin kwalin ta ce shi ma maganin damuwa ne. Ita tun daren farko take barcinta. Shin nata ya fi nawa ƙarfi ne? Mene ne bambancinsu, kuma zan iya komawa shan nata?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya yaro, ya ba ki lafiya ke da Hajiya. Abin da kike son sani shi ne dalilin da ya sa magunguna biyu da takarda ta ce na ciwo ɗaya ne suke aiki daban a jiki, da kuma ko barcin da Hajiya ke samu shaida ce cewa nata ya fi. Tun kafin bayani ya yi nisa: kada ki taɓa nata, kuma kada ki ajiye naki. Nata bai fi naki ƙarfi ba. Gidansu ne daban, kuma barcin nan da kike gani bai fito daga ɓangaren maganin da ke warkar da damuwa ba.

Yadda saƙo ke tsallakawa a ƙwaƙwalwa

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai 'yar rata tsakanin kowace ɗaya da ta gabanta. Idan saƙo zai tsallaka, ta farko takan fesa wani sinadari cikin ratar, ya sauka a kan wasu gurabe a jikin ta biyu, shi ke nan saƙo ya wuce. Sinadarai uku ne suka fi shafar maganarmu: sirotonin, noradirenalin da dofamin. Da zarar saƙo ya isa, jijiya ta farko tana da 'yan famfuna a jikinta da ke zuƙe sinadarin su mayar da shi ciki. A cikin kuma akwai wani sinadari da ake kira MAO, aikinsa narkar da rarar da ta dawo. Sannan jijiyar tana da wasu gurabe nata na kanta da ke auna yawan sinadarin da ke waje, idan ya yi yawa su sa ta rage fesawa.

Ki ɗauki manomin rani a Kadawa da ke son ruwa ya daɗe a fangalinsa. Zai iya toshe hanyar da ruwan ke zurarewa ya koma magudana, zai iya hana ƙasa shanye shi, zai iya kuma ƙara buɗe bakin da yake shigowa. Kusan dukkan magungunan damuwa ɗaya daga cikin ukun nan suke yi. Naki da na Hajiya duka masu toshe hanyar komawa ne. Bambancinsu yana ga abin da kowanne ke taɓawa bayan wannan.

Akwai gyaran da ya kamata a yi a nan. An daɗe ana gaya wa marasa lafiya cewa damuwa ƙarancin sirotonin ce kawai, magani ya zo ya cike. Maganar ba ta tsaya haka ba. Babu gwajin jinin da ke nuna ƙarancin sirotonin a ƙwaƙwalwar mai damuwa, kuma duk wanda ya ce zai auna miki shi a kan kuɗi, ki riƙe kuɗinki. Babbar hujja ita ce halin da kike ciki yanzu. Sertraline yakan toshe famfunan nan cikin 'yan awanni da haɗiye ƙwayar farko, amma sauƙin zuciya ba ya bayyana sai bayan mako 2 zuwa 4, cikakken aikinsa kuma yakan kai mako 6. Dalilin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, da sirotonin ya ƙaru a ratar, guraben nan masu aunawa sai su sa jijiya ta rage fesawa, aikin maganin ya zama kamar an soke shi. Sai an ɗauki makonni kafin su gaji su saki. A tsawon wannan lokaci ne kuma jijiyoyin ke fitar da sababbin rassa suna gyara haɗinsu, musamman a sassan da ke kula da tunani da tsoro da tuna abu. Saboda haka kwana 12 lokacin illa ne, lokacin amfani bai zo ba tukuna. A nan ne muka fi rasa marasa lafiya, suna ajiye magani ana saura ƙiris.

Gidan maganin Hajiya

Amitriptyline ɗan tsohon gida ne, wanda a takardun asibiti ake rubuta shi TCA. Na farkonsu imipramine, wani likita a Suwizalan mai suna Roland Kuhn ne ya bayyana amfaninsa ga masu damuwa a 1957, amitriptyline ya biyo baya a farkon shekarun 1960. Clomipramine ma ɗan gidan ne. Suna toshe famfon sirotonin da na noradirenalin gaba ɗaya, kuma wannan ne ke maganin damuwa. Matsalarsu ba sa tsayawa nan.

Suna toshe guraben wani sinadari mai suna histamin, waɗanda maganin mura irin su Piriton ke toshewa. Daga nan barci ke zuwa tun daren farko, tare da buɗewar ciki da ƙiba. Suna toshe guraben wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda shi ke sa yawu ya zubo, hanji ya motsa, mafitsara ta matse. Shi ya sa mai shan su ke kukan bushewar baki, taurin bayan gida, gani dishi-dishi, dattijo mai matsalar fitsari kuma fitsarin ya tsaya masa cak. Mai hawan jinin ido na wani nau'i zai iya shiga haɗari. Zufa ma tana iya raguwa, abin da ba ƙaramin abu ba ne a zafin Kano na watan Afrilu. Suna kuma sassauta jijiyoyin jini, ta yadda idan mutum ya miƙe da sauri jininsa ya sauka, jiri ya ɗebe shi. Ki lura da Hajiya lokacin tashi sallar asuba: ta fara zama a bakin gado minti ɗaya ko biyu, ƙafafunta a ƙasa, sannan ta miƙe ta nufi alwala. Faɗuwar tsohuwa a banɗaki da karayar ƙugu ita ce illar da ta fi ba ni tsoro a kan maganin nan.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi, suna rage saurin wutar da ke tafiyar da bugun zuciya. A adadin da likita ya rubuta, ga mai lafiyayyar zuciya, wannan ba ya cutarwa. Idan aka sha fiye da ƙima, ko ƙaramin yaro ya samu kwalin ya haɗiye, yana iya kisa. Don haka ba ma ba mai ciwon zuciya shi sai da gwajin zuciya, ba ma ba wanda ke tunanin kashe kansa ƙwayoyi masu yawa ya tafi da su gida, kuma a gidan da jikoki ke rarrafe wurin ajiyarsa akwati mai makulli ne, ba ƙarƙashin matashi ba.

Ga wani abu da takardar cikin kwalin ba ta fayyace miki ba. Miligiram 25 ba adadin maganin damuwa ba ne. Don damuwa akan fara da 25 zuwa 50 da dare, a riƙa ƙarawa a hankali har 75 zuwa 150. Ƙaramin adadi na 10 zuwa 25 an fi bayar da shi don raɗaɗin jijiyoyi, irin zafin tafin ƙafa da jin kamar ana soka allura da masu ciwon suga ke fama da shi, ko don rigakafin ciwon kai na ɓari ɗaya. Ban duba Hajiya ba, amma tunda kin ce mai suga ce, ki tambaye ta abin da ta kai kuka a kansa. Mai yiwuwa ne ƙafa ake yi mata magani. Ke da za ki sha nata, za ki samu barci mai nauyi da jariri a gefenki, damuwar kuma tana nan inda take. Idan kuma kika haɗa shi da sertraline ba da sanin likita ba, sirotonin zai taru daga ɓangare biyu, kuma hanta za ta yi jinkirin fitar da amitriptyline ɗin daga jini.

Gidan maganinki

Sertraline ɗan gidan SSRI ne, tare da fluoxetine, escitalopram, citalopram da paroxetine. Fluoxetine, wanda aka sani da Prozac, Amurka ta amince da shi a 1987. An ƙera su ne don su toshe famfon sirotonin kaɗai, su bar histamin da asetilkolin da zuciya. Shi ya sa naki bai sa ki barci ba, bakinki bai bushe ba, kuma haɗarinsa idan an sha da yawa bai kai na tsohon gida ba ko kusa.

Illolinsu duka daga sirotonin ɗin kansa suke fitowa, domin ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji yake. Tashin zuciyar da kike ji da ɗan sakin ciki daga nan suke, kuma yawanci sukan lafa cikin mako 1 zuwa 2. Ki sha ƙwayar bayan kin karya kumallo, ko da kofin koko ne da ƙosai biyu, ba a kan cikin wofi ba. Ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni ma da sirotonin suke aiki, don haka haɗa SSRI da diclofenac, ibuprofen ko aspirin yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, musamman ga mai gyambon ciki. Idan ciwon jiki ya taso, paracetamol ya fi. A tsofaffi sukan sauke gishirin jini har mutum ya rikice, musamman mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Sannan akwai illar da kunya ke hana mutane faɗa: raguwar sha'awa da jinkirin gamsuwa, ga maza da mata. Da yawa sukan ajiye magani a ɓoye saboda wannan, alhali da an faɗa wa likita akwai mafita.

'Yan gida ɗaya ma ba halinsu ɗaya ba. Fluoxetine, wanda akan fara da miligiram 20 da safe, yana daɗewa a jiki makonni, don haka mantuwar kwana ɗaya ba ta tayar da hankali, amma yana iya hana barci. Paroxetine yana fita da wuri, barinsa ya fi wahala, kuma ana kauce masa ga mai shirin ɗaukar ciki. Citalopram yana taɓa bugun zuciya idan adadinsa ya yi yawa, shi ya sa ba a wuce miligiram 40 a rana, ga tsofaffi kuma 20. Sertraline ɗan kaɗan ne ke shiga ruwan nono, shi ya sa yake sahun gaba ga mai shayarwa. Likitanki bai zaɓa miki shi da ka ba. Hamsin shi ne adadin farawa, kuma akwai sarari har 200 idan buƙata ta taso.

Gargaɗi na musamman ga garinmu: tramadol. Mutane na ɗaukarsa maganin ciwo ko na ƙarfin aiki kawai, alhali shi ma yana toshe famfon sirotonin da na noradirenalin. Idan ya haɗu da SSRI, sirotonin na iya yin yawan da zai jawo karkarwa, zufa, zazzaɓi, zawo, taurin tsoka da ruɗewa, wani lokaci har farfaɗiya. Wasu magungunan tari masu dextromethorphan ma haka. Duk lokacin da za ki sayi wani abu a kemis, ki ajiye katin sertraline ɗinki a kan teburin mai shagon ya gani da idonsa.

Sauran gidajen

Venlafaxine da duloxetine, da ake kira SNRI, suna toshe famfuna biyu kamar tsohon gida, amma ba sa taɓa histamin da asetilkolin sosai. Venlafaxine a miligiram 75 kusan aikin SSRI yake yi, sai an kai 150 ko sama noradirenalin ke shigowa, kuma a nan ne yake iya ɗaga hawan jini, don haka awo ya zama dole. Wanda ya manta shi kwana ɗaya yakan ji jiri da wani abu kamar wutar lantarki na ratsa kansa. Duloxetine a miligiram 60 yana maganin damuwa da raɗaɗin jijiyoyin masu suga a lokaci guda. Da amitriptyline zai dami Hajiya da jiri, shi ne abin da zan so likitanta ya duba, muddin hantarta da ƙodarta lafiya suke kuma aljihu zai ɗauka, domin ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Mirtazapine bai taɓa famfo ko ɗaya ba. Shi guraben aunawar nan yake toshewa, sai jijiya ta ci gaba da fesa noradirenalin da sirotonin ba tare da an tsayar da ita ba. Yana kuma rufe guraben sirotonin da ke jawo tashin zuciya da matsalar sha'awa, sannan ya toshe histamin da ƙarfi. Sakamakon shi ne barci da cin abinci. Ga dattijon da ya rame, ba ya ci, ba ya barci, miligiram 15 zuwa 30 da dare kan yi aiki mai kyau. Ga mai ƙiba da suga kuwa sai an yi lissafi. Bupropion yana aiki a kan dofamin da noradirenalin, ba ya rage sha'awa, yana taimaka wa mai son barin taba, amma haramun ne ga mai farfaɗiya. Trazodone an fi amfani da ƙaramin adadinsa don barci, kuma yana iya sa gaban namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya. A garin da masu sikila suke da yawa, waɗanda dama suna da wannan haɗarin, wajibi ne a tambaya kafin a rubuta.

Masu hana MAO narkar da sinadaran, irin su phenelzine, su ne mafi tsufa. An gano su ne a farkon shekarun 1950 lokacin da aka ga masu tarin fuka da ke shan iproniazid suna samun walwala. Suna da ƙarfi, amma MAO ɗin ne ke narkar da wani sinadari mai suna tayiramin da ke cikin abincin da aka bari ya tsumu, kamar tsohon cuku irin na Turawa da waken suya da aka ruɓar, kuma daddawarmu ma irin wannan hanyar ake bi a yi ta. Idan ya taru, hawan jini kan yi tashin da zai iya fasa jijiya a ka. Da wuya ki gan su a nan. A ɗaya gefen kuma akwai sabon abu: ketamine, wanda ake sa wa marasa lafiya barci da shi a ɗakin tiyata, yana aiki ta wani sinadari daban mai suna gulutamet, kuma yana iya sauƙaƙa damuwa cikin awanni. Amurka ta amince da ɗan'uwansa esketamine na fesawa a hanci a 2019, don waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, kuma a asibiti kawai ake bayarwa ƙarƙashin sa ido.

Diazepam da rohypnol da makamantansu ba maganin damuwa ba ne ko kaɗan. Suna kwantar da mutum na 'yan awanni, jiki ya saba da su, damuwar ta ci gaba da ci a ƙasa.

To wanne ya fi?

A 2018 an haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magungunan damuwa 21, aka samu dukkansu sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Amitriptyline yana cikin na gaba wajen aiki, amma mutane sun fi jure wa sertraline da escitalopram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa amitriptyline da fluoxetine duka a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Tunda ƙarfinsu ya yi kusa, abin da likita ke aunawa shi ne jikin mai shan: shekarunsa, zuciyarsa, hawan jini, ciki ko shayarwa, barci, sauran magungunan da yake sha, sana'arsa, da kuɗin da zai iya fitarwa duk wata. Direban A Daidaita Sahu ba na ba shi abin da zai sa shi gyangyaɗi da hantsi. Wani babban bincike a Amurka ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 ne ke warkewa sarai da maganin farko, don haka canza magani bayan an ba na farko haƙƙinsa abu ne da aka saba, kuma babu gwajin da zai faɗa tun farko wanne zai dace da ke.

Ki ci gaba da sertraline kullum a lokaci ɗaya. Alamun farko sukan zo ta barci da cin abinci da ƙarfin jiki, kuma sau da yawa maigida ko Hajiya za su riga ki lura. Idan mako 4 ya cika babu ko motsi, ki koma a duba ƙarin adadi. Ki nemi a auna yawan jininki da tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod bayan haihuwa suna kama da damuwa sosai. Rashin barcin ki faɗa wa likita kai tsaye, kuma ki nemi wani a gida ya karɓi yaron awa 4 ko 5 a jere da dare, domin babu ƙwayar da za ta maye gurbin wannan. Zama da mai ba da shawara yana ƙara wa magani ƙarfi, kuma addu'a da azkar ba sa karo da shi. Idan azumi ya zo, tunda sau ɗaya ake sha, sai a mayar da shi lokacin sahur.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar komawa asibiti a kansu. Tunanin kashe kai ko cutar da yaro, jin muryoyi, ruɗewa, ko tsananin rashin natsuwa a makonnin farko, wanda aka fi sa wa ido ga 'yan ƙasa da shekara 25. Haka nan idan kika ga kwana da kwanaki ba kya barci kuma ba kya gajiya, surutu ya ƙaru, kina kashe kuɗi ba lissafi, domin maganin damuwa yana iya tayar da wani ciwon ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum hawa da sauka ga wanda ke ɗauke da shi a ɓoye, kuma maganinsa daban ne. A irin wannan hali a tafi da ke ranar, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau.

Idan sauƙi ya samu, ba ranar ake tsayawa ba. Ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan warkewa, wanda ciwon ya taɓa dawo masa kuma ya fi haka. Maganin ba ya sa maye ko kwaɗayin ƙari irin na tramadol, amma jijiyoyin sun daidaita da shi, kuma yanke shi dare ɗaya kan jawo jiri, mafarkai masu nauyi, saurin fushi da jin kamar mura. Likita zai rage miki shi mataki-mataki cikin makonni, daga 50 zuwa 25, wani lokaci ƙasa da haka, yana duba yadda jikinki ya karɓi kowane mataki kafin a sauka na gaba.